Yarana sun sha kashi, saura wata biyu a sake wasa: ta ina zan fara?

Assalamu alaikum. Ni malami ne a wata makaranta mai zaman kanta a cikin birnin Kano. Na ɗan buga ƙwallon kwando ina jami'a, shi ya sa shugaban makaranta ya ɗora mini horar da yara 18, 'yan shekara 10 zuwa 13, waɗanda ba wanda ya taɓa riƙe ƙwallon kafin bana. Ƙwallo biyu gare mu da kwando ɗaya a rabin fili na siminti. Bayan wata ɗaya muka je wasan sada zumunci da wata makaranta, aka yi mana cin kaca, sau da yawa ko tsakiyar fili ba ma tsallakawa. Tun daga ranar yara biyar suka koma ƙwallon ƙafa, wani uba kuma ya hana ɗansa zuwa don yana makara a Islamiyya. Saura 12. Na ƙara musu gudu da tsallen kwaɗo, ina ta faɗa, ban ga canji ba. Nan da wata biyu za a sake wasa, shugaba ya ce ba ya son jin an kuma cin mu. Wani abokina ya ce in jera su tsaron yanki a gindin kwando, wato kowa ya tsare wurinsa maimakon bin mutum, kowa kuma ya riƙa cilla wa wani dogon yaro da nake da shi. In bi wannan? Gwiwata ta yi sanyi, har ina tunanin ajiyewa. Ga kuma 'yan mata suna ta roƙona su ma a sa su.

Wani malami, daga Gwale

Wa alaikumus salam, Malam. Sannu da ɗawainiya, Allah ya ba da lada. Kada ka ajiye aikin nan. Shawarar abokinka kuma ka bar masa abarsa, duk da ba ƙarya ya faɗa maka ba. In ka cusa yara biyar a gindin kwando suka ɗaga hannuwa, lallai za a sha wuya kafin a ci ku, domin ɗan shekara 12 ba shi da damtsen da zai jefa daga nesa, ba shi kuma da ƙarfin cilla ƙwallo daga wannan gefen fili zuwa wancan. Ƙuruciyar abokan hamayyarku ce za ta tsare maka kwandon, naka yaran kuwa su fito ba wanda ya koyi bin mutum ko motsa ƙafa. Shi ya sa a ƙasashe da dama aka hana tsaron yanki a gasar ƙananan yara. Nan da shekara biyu ko uku waɗancan za su yi ƙarfi su fara jifa daga nesa, naka suna tsaye inda ka kafe su.

Wanda na fi tsoron a cuta ma shi ne dogon. Wani yaron riga sa'o'insa girma kawai yake yi, in sun kai 17 sai ka tarar duk sun kamo shi, wasu sun wuce. In ka ajiye shi a gindin kwando yana jiran a cillo masa, ranar da tsawon ya daina yi masa rana ba shi da komai a hannu. In kuma Allah ya yi shi dogo na gaske, to ya fi kowa buƙatar ƙafa. Hakeem Olajuwon, wanda ya tashi a Legas ya ci kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, da Houston Rockets a 1994 da 1995, sai da ya shiga sakandare ya fara ƙwallon kwando. Kafin nan gola ne a ƙwallon ƙafa, yana kuma buga ƙwallon hannu, kuma abin da ya gagari dogayen Amurka a wajensa shi ne saurin ƙafa da iya juyi. Duk abin da za ka koya wa mafi gajartarsu, dogon ma ya shiga layi ya yi.

Ka ce ko tsakiya ba kwa tsallakawa. Wannan ya nuna mini ba gajiya ce ta kayar da ku ba, don haka ka daina gudun horo da tsallen kwaɗo daga yau. Yaron da aka hukunta don ya zubar da ƙwallo, gudun ƙwallon yake koya. Gobe ana neman wanda za a ba, sai ka gan shi ya laɓe bayan abokin hamayya. Ga wahalar da gwiwar yaro mai tasowa, balle a kan siminti. Abin da ya kayar da ku shi ne yaranka ba su san abin yi ba idan mutum ya taso musu alhali ƙwallo na hannunsu. Sai su rikice, su yi taku uku alƙali ya busa, ko su runtse ido su wurga ta sama duk wanda ya samu.

A tirenin na gaba ka zaɓi yaro ɗaya a ranka, ba tare da ya sani ba, ka duba agogo ka ga minti nawa ƙwallo ke yi a hannunsa. Lissafin ba wuya: yara 12, ƙwallo biyu, awa ɗaya, ko ba a tsaya ko sau ɗaya ba minti 10 kowa zai samu. In kuwa dogon layi suke yi kowa na jiran a zo kansa, kai kuma kana tsayar da su kana bayani, da wuya ya kai rabin haka. Abin da ya mayar da yara biyar filin ƙwallon ƙafa ke nan, don can da zuwa sai wasa.

Saboda haka in shugaba zai fitar da kuɗi, a sayi ƙwallaye kafin jesi. Ka nemi ta roba, don siminti cinye ta fata yake yi nan da nan, kuma lamba 5 za ka nema. Lamba 7 ta manyan maza ce, nauyinta wajen giram 600, lamba 5 kuwa ba ta wuce rabin kilo ba. Haka kwandon ma: na manya mita 3.05 yake daga ƙasa, amma a wasan ƙananan yara ana sauko da shi mita 2.60. Ka kai wa mai walda awo, zobe mai faɗin santimita 45 daga ciki, ya lanƙwasa maka rodi a kafa a turke mai ƙwari a wannan tsayin, ka kuma hana kowa lilo a jikinsa. Ka samu kwando na biyu ke nan, 'yan shekara 10 kuma za su daina wurgo ƙwallo daga ƙugu don kawai ta kai. Kafin kuɗin su fito ka aro ƙwallon ƙafa biyu, fasin da cafewa ba ruwansu da irin ƙwallo. Ka raba yaran gida uku, huɗu-huɗu, kowane gida da aikinsa, bayan minti takwas ko goma ka busa a juya.

Ƙafa za ka fara koyarwa, ita kuwa ko ƙwallo ba ta buƙata. Su taho da gudu, ka busa usur, kowa ya dira da ƙafa biyu lokaci ɗaya, gwiwa a lanƙwashe, ƙafafu a ware daidai faɗin kafaɗa. Wanda ya dira da biyu tare, doka ta bar masa zaɓin wadda zai kafe. Ka zana wa kowa 'yar da'ira da alli a ƙasa, ya sa yatsun ƙafar hagu a ciki, ya riƙa juyawa a kanta gaba da baya, sannan ya sauya ƙafa. In ta fita daga da'irar, ya yi tafiya da ƙwallo ke nan, da a wasa ne an busa. Daga nan ka haɗa su biyu-biyu. Ɗaya ya damƙe ƙwallo da hannu biyu a ƙirji, gwiwar hannu a buɗe, ɗayan yana neman ƙwacewa, mai ƙwallo yana juyawa yana ba shi kafaɗa, kai kana ƙirgawa da ƙarfi har huɗu, domin wanda aka matsa wa sakan 5 doka ta ba shi ya bayar, ya jefa ko ya buga ƙasa. Ranar farko faɗuwa da dariya za ka yi ta gani. A mako na biyu sai ka ga wani ɗan ƙarami ya juya wa babba baya, ya ɗago kai a natse yana neman wanda zai ba. Ka kira sunansa ka yaba masa a gaban kowa. Wannan atisayen kada ka tsallake shi ko rana ɗaya har ranar wasa.

Buga ƙwallo ƙasa da yatsu ake yi, kada ta wuce ƙugu, ido a sama. Ka tsaya gabansu kana ɗaga yatsu suna faɗin adadin da ƙarfi. Wanda ya yi shiru ƙasa yake kallo. Hannun hagu ya samu lokaci daidai da na dama. Yaranmu a kan ci da karɓa da miƙawa da dama aka raine su, tarbiyya ce mai kyau, amma sai ka gaya musu ƙarara cewa a fili hagu ma aiki take yi, in ba haka ba kunya kaɗai za ta hana wasu gwadawa.

Jifa daga kusa ake farawa, taku biyu daga kwando, da hannu ɗaya, gwiwar hannu a ƙarƙashin ƙwallo, ƙarfin daga ƙafa yake tasowa, a ƙarshe wuyan hannu ya karyo gaba kamar mai zura hannu a kwanon da aka ɗora saman kabad. Sai yaro ya ci biyar sannan ya ja baya taku ɗaya. Layin maki uku yana can mita 6.75, ka hana shi a tirenin, ko da na san shi suke gani a waya kuma shi suka fi so. A gindin kwando yara ke samun makinsu, don haka jifan gudu, wato leyof, ya ɗauki kaso mai tsoka: in daga dama ne, taku da dama, taku da hagu, a tashi a kan hagu a bugi kusurwar akwatin da ke jikin allo. Daga hagu sai a juya.

Duk wannan kada ya wuce rabin lokaci. Sauran rabin wasa ne, kullum, tun daga yau, kada ka ce sai sun iya tukuna. Uku da uku za su riƙa bugawa. Rabin filin da kake kuka da shi ya isa, don uku da uku wasa ne mai zaman kansa, a rabin fili da kwando ɗaya ake yin sa, kuma tun gasar Tokyo ya shiga Olamfik. A biyar da biyar yaro mai kunya yana iya gama wasa bai taɓa ƙwallo ba, a uku da uku kuwa babu maɓoya. Ka riƙa sauya ƙa'ida: yau ba buga ƙasa, gobe sai kowa ya taɓa kafin a jefa. Tsarin kai hari ɗaya ya ishe ka a wata biyun nan, shi ne kowa ya ware daga ɗan'uwansa, wanda ya ba da fasin kuma ya ruga kwando yana neman a mayar masa. Ba-ni-in-ba-ka ce, sun riga sun san ta a ƙwallon ƙafa. A tsaro kowa ya riƙe mutuminsa, ya faɗi sunansa da ƙarfi, ya tsaya tsakaninsa da kwando, yana kuma lura da inda ƙwallo take. Kai kuma ka rage magana. Gyara ɗaya a lokaci ɗaya, a taƙaice, wasa ya ci gaba.

Yara biyar ɗin can ka same su ɗaya bayan ɗaya. Kada ka ce su zaɓa tsakanin wasannin biyu, a shekarunsu kowanne ƙara wa ɗayan yake yi. Ka ce su zo su ga uku da uku rana ɗaya kawai.

Sai maganar tsallake tsakiya. Cikakken fili mita 28 ne a tsawo, 15 a faɗi, yaranka kuwa rabi suka sani. Sau ɗaya a mako ka fita da su filin ƙwallon ƙafa ka shata wannan awon da toka. A yi wasan fasin zalla, maki shi ne a cafe ƙwallo a bayan layin ƙarshe. Biyar su fito da ita, shida su tare su, don ranar wasa masu tsaro biyar su zo musu da sauƙi. Hanyar fita ɗaya tak ka koya musu. Mai jefowa daga waje sakan 5 gare shi. Biyu su yi kamar za su tafi, sannan su dawo da gudu wajen ƙwallo. Ɗaya ya tsaya a tsakiyar fili hannu a sama, nan ne dogonka zai yi amfani na gaske, don zai koyi cafewa da juyawa da bayarwa. Na biyar ya yi nisa ya ja mai tsaro ɗaya. Wanda ya karɓa ya dira da ƙafa biyu, ya juya, ya duba, kafin ya buga ƙasa, ya kuma guji kusurwa, don a can ake rutsa mutum. Mai jefowa ya shigo ya ɗan tsaya a baya, a samu wurin mayarwa in gaba ta toshe. Sakan 8 doka ta bayar a tsallake tsakiya. Ka riƙa ƙirga su da ƙarfi har yaran su ji a jikinsu cewa takwas ɗin tana da yawa, ba sai an yi gaggawa ba.

Makonni ukun ƙarshe ka roƙi wani da ya san wasan ya zo ya riƙe usur, a yi komai yadda za a yi ranar: hana mai kai hari wuce sakan 3 a akwatin gindin kwando, hana komawa baya in an tsallaka tsakiya, yadda ake jeruwa a jifan fawul, yadda ake neman canji a tebur, sauya kwando bayan hutun rabin lokaci, da fita bayan fawul biyar. Ka gayyato 'yan ajinsu su zo su cika wurin da ihu, su saba da wasa cikin hayaniya.

Ba zan yi maka alkawarin za ku ci ba, kai ma kada ka yi wa shugaba. Ka same shi tun yanzu, cikin ladabi, ka ce yaran da suka fara bana ba a auna su da waɗanda suka daɗe suna yi. Ka ba shi abin da zai iya gani da idonsa: sau nawa aka tsallake tsakiya, sau nawa aka zubar da ƙwallo, yara nawa suka samu jifa. Wani malami ya zauna da takarda ya ƙirga. In da hali a nemi makarantar da ita ma farawa take yi. In waccan ce dai, ka kira kocinsu ku daidaita cewa in tazara ta yi yawa zai janye yaransa daga matsi a duk fili. Kocin kirki ba zai ƙi ba. Mutum 12 doka ta yarda a rubuta a takardar wasa, daidai yawan yaranka, kuma duka su buga. Ka rubuta wanda zai shiga a kowane zango tun daga gida, domin in wasa ya yi zafi mantawa za ka yi da na benci.

Uban da ya janye ɗansa yana da gaskiya, kai za ka gyara lokacinka. Yawancin Islamiyyu ba sa zama Alhamis da Juma'a, ka mayar da tirenin ranakun bayan La'asar, ka ƙara da safiyar Asabar ga wanda ba shi da karatu. Ka sallame su da sauran rana, kowa ya isa gida kafin kiran Magariba. Ka taka da ƙafarka ka je ka gaishe shi, kada ka aika takarda. Sauran iyayen ma ka tambaye su ko akwai mai sikila ko asma, wannan wajibi ne kafin ka sake sa kowa gudu. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yana haura digiri 40, siminti kuma riƙe zafi yake yi, don haka ruwa ya kasance a gefen fili, a sha duk bayan kwata ɗin awa ko ba wanda ya ce yana jin ƙishi. Da hunturu ka lura da masu asma saboda ƙura. In azumi ya shigo a koma jifa da fasin marasa wahala ko a huta. Za a ce maka Hakeem ya buga yana azumi, gaskiya ne, amma shi babban mutum ne da likitoci a kansa. Ba mai shiga fili da silifas, kambas na gwanjo daga Ƙofar Wambai ya wadatar. Wanda ya yi targaɗe ya kasa taka ƙafa, asibiti za a fara kai shi a ɗauki hoto.

Ka nemi izini ka kai su ɗakin wasanni na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ranar da Kano Pillars ta ƙwallon kwando take wasa ko tirenin. Ƙungiya ce da ta sha ɗaukar kofin gasar ƙasa, a garinsu take, ya kamata su gan ta da idonsu. Ka ce kowa ya zaɓi ɗan wasa ɗaya ya kalli ƙafafunsa da abin da yake yi lokacin da ƙwallo ba ta hannunsa. A hanya ka ba su labarin Masai Ujiri, wanda a Zariya ya tashi ya fara wasan nan, har ya shugabanci Toronto Raptors ta ci kofin NBA a 2019.

'Yan matan kuma kada ka kore su. Tun 2017 hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta yarda a buga da lulluɓin kai. Ƙungiyar matan Najeriya, D'Tigress, ta ci kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, kuma a Paris a 2024 ita ce ƙungiyar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen 'yan takwas a Olamfik. Sai dai kada ka fara kai kaɗai. Ka nemi malama mace da za ta riƙa tsayawa tare da ku daga farko har ƙarshe, lokacinsu daban da na maza, shigarsu wadda iyaye suka aminta da ita, izinin kuma a rubuce. Yanzu hannunka a cike yake, don haka ka bari sai bayan wasan nan, amma ka sa musu rana tun yau ka faɗa musu, malamar kuma ta fara zuwa tirenin ɗin maza tana ganin yadda ake dira da juyi.